Yadda Aka Auna Ƙoshin Karaye

Jiya na wuni a layin mai a Jega, ina tura babur kamar akuyar da ta ƙi kasuwa, sai ga motar hatsin agaji ta wuce mu fuu, ta bi wata hanyar da ba ta Karaye ba. Karaye kuwa, ƙauyen Kawu Tukur, ambaliya ta cinye musu gero bana. Na san abin da ya juya motar nan, bari ku ji.

Kwanakin baya Mai Girma Uban Alkawari ya ce shi ba ya rabon hatsi da ka, sai da ilimi. Ya turo Kwamitin Auna Ƙoshi a motoci masu sanyi, da wata 'yar na'ura kamar murfin kwalba. Ana manna ta a damtsen mai lafiya, in ya ci abinci sukarin jininsa ya motsa, labari ya faɗa wayar Yallaɓai shugaban kwamitin. Garin da aka ga yunwa, shi ke da hatsi. An ce kowane gida an sayo masa tasa. Guda ɗaya ce ta iso, aka manna wa Kawu.

Da aka ji baƙi a birni za su riƙa leƙen cikin dattijo, hankali ya tashi. Maƙwabciyarsa Gwaggo Luba ta ce ba a taɓa tona asirin magidanci a Karaye ba, ba kuma za a fara da tukunyar Tukur ba. Ta aika masa furar da ta dama wa jikokinta. Yari mahauci ya aiko da romo. Kowane gida ya gutsuro daga abin da bai ishe shi ba, kwanuka suka yi layi a zaure. Mayar da kwanon maƙwabci da abinci a ciki cin fuska ne, don haka Kawu ya zauna yana ci yana gumi.

Na je na roƙe shi ya bar cikinsa ya faɗi gaskiya, ko na wuni ɗaya.

“Kai ɗan nan,” in ji shi, “so kaka a ce Karaye ba maƙwabta? Mi zan ce ma Luba?”

Sakamako ya fito: duk ƙasar Maiyama babu masu ƙoshin mutanen Karaye. Yallaɓai ya tara 'yan rakiya, suka yi walima don murna.

Amma kada a ce an manta da mutanen Karaye. Na ji kwamitin zai koma mako mai zuwa, da ƙwararre daga birni, ya koya musu rage ciye-ciye.