Garin Maya, Ba Garin Mayu Ba

Ba zan taɓa mantawa da bikin 'yar ƙanena a Ƙauran Namoda ba, don a ranar ne bakina ya yanka mini wuya a gaban dangi.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga Amurka ba, inda ɗana yake aikin likita. Shi ya sa ni cikin wani jirgin ruwa mai girman unguwa guda (ni da ko kwalekwalen gulbi ba na shiga sai na ƙare addu'o'in da na sani). Wata rana jirgin ya tsaya a gaɓar Meziko, aka kwashe mu a mota zuwa kufan wasu mutanen da, waɗanda ake ce wa Maya. Gine-ginen dutse ne masu matakala har sama, itatuwa sun tsiro cikin ɗakuna, ba kowa sai ƙadangaru. Na yi ta ɗaukar hoto har wayata ta cika.

A ƙa'ida, a ƙauyenmu na wajen Moriki ya kamata a yi bikin, amma 'yan bindiga sun tashi garin tun damina. Yayata Hassi, wadda ta goye ni bayan rasuwar innarmu, da zanen jikinta kawai ta fito. Ta raɓe wajen ɗiyarta a Shinkafi, ɗaki ɗaya da jikoki. Na yi ta lallashinta ta dawo gidana, da ƙyar ta ce in an watse biki za ta zauna. Har katifa na sa aka ɗinka mata sabuwa.

Ranar bikin, bayan la'asar mata sun cika tsakar gida, sai na zaro waya (ni fa in ban ba da labari ba, ji nake kamar ban je ba). Ina cewa garin Maya, wata tsohuwa ta dafe ƙirji, wai garin mayu na je, kuma na dawo da kurwata? Aka fashe da dariya. Maimakon in gyara mata, sai daɗin dariyar ya ɗebe ni. Na ɗaga murya na ce, "Yo in ba mayu ba, wane mutumin kirki zai tashi ya bar garinsu ciyawa ta cinye?"

Dariyar ta ɗauke kamar ruwan sama. Sai a lokacin na duba tabarmar da ke gabana: rabin matan 'yan gudun hijirar garinmu ne. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na fara kame-kame, wai ai mutanen da nake nufi, wai ai jikokinsu ma suna nan, su suka zagaya da mu.

Yaya Hassi ta miƙo hannu, na ba ta wayar. Ta daɗe tana kallon hoton wata ƙofa da saiwa ta naɗe.

"Talatu," ta ce, "da sunka tashi, sun samu sun ja ƙyaure?"

Na ce ban sani ba, Yaya.

"Mu ba mu ja ba. Tuwo na bari bisa wuta."

Ta ajiye mini wayar a cinya, ba faɗa, ba harara. Da ma ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Washegari ta hau motar Shinkafi. Na bi ta tasha ina kuka ina ba ta haƙuri, ta ce ita ba ta riƙe ni da komai ba, jikoki ne ke kewarta. Har yau muna gaisawa a waya, amma maganar zama gidana ba ta sake tasowa ba, ni kuma kunya ta hana ni tayar da ita.

Magana zarar bunu ce, na sani tun ina yarinya, amma sai da na tsallaka teku na dawo sannan na gane. Yanzu duk wanda ya tambaye ni abin da na gano a ƙasar waje, sai in ce masa ruwa ne, ruwa tsagwaronsa.