Manajan Kamfanin Turaren Fanna

"Lafiya ƙalau, amaryata. Yaya kwanan haƙoran da suka rage?"

"Suna gaishe ka, mai gida. Yau kuma wace asara ka kawo mini?"

Ɗantani ya tsuguna kusa da kakarsa Fanna, tana haɗa turaren wuta a tsakar gidansu na Yakasai. Shekarar da soja suka koma bariki ce, aka ce arziki ya kusa, kowa ya goge takalmi. Shi ma wani kamfanin sabulu ya kira shi ganawa gobe. Za a tambaye shi da Turanci aikin da ya taɓa yi, sannan a aiko a ji ta bakin wanda ya yi wa aikin. Duk duniya kuwa Fanna kaɗai ya taɓa yi wa aiki, shi ma aike ne.

"Ji abin da zan gaya musu." Ya gyara murya. "Having managed a company which supplies perfume..."

"Tsaya! Zagina kake yi ko addu'a?"

"Malaminmu ya ce Bature ba ya son 'na yi kaza, na yi kaza'. Sai ka ƙulla magana da 'wanda' da 'wadda', ta yi tsawo kamar rawani. Cewa na yi na shugabanci kamfani wanda yake rarraba turare."

"Wane kamfanin?"

"Ga shi kina zaune a kansa."

Fanna ta ɗaga gefen tabarma ta leƙa. "Ban ga kowa ba."

"Akwai ma'aikaciya ɗaya, wadda ta tsufa a bakin aiki, wadda nake haƙuri da ita."

"Madalla. To ƙulla wannan ma: manaja wanda aka aika unguwar Madabo da humrar amarya, wanda ya shafe rabi a jikinsa, wanda ƙudan zuma suka raka har Ƙofar Mazugal."

"Talla ke nan, Hajiya. Har ƙwari sun yaba kayanmu."

"In suka aiko, cewa zan yi ni na yi aikin, ni za su ɗauka. Ai mulkin farar hula ne."

"Da wane Turancin?"

"Da Barbarci zan yi musu. Ba za su ji ba, kamar yadda ba za su ji naka ba."

Ɗantani ya ga aiki na neman suɓuce masa. Sai ya cire takalmi, ya miƙe ƙafa a tabarma, ya yi hamma.

"Shi ke nan, na fasa zuwa. Dama ina zan tafi in bar matata? Nan zan zauna. Kokon safe da ni, tuwon rana da ni, ƙanzo ma da ni. Abokaina kuma a nan za su riƙa samuna."

Fanna ta ajiye ludayi. Ta dubi ƙafafunsa, ta dubi ƙofar ɗakin da buhun geronta yake.

"Har da Sabo mai cin kwano biyu?"

"Shi ne mataimakin manaja."

Ta fashe da dariya har sai da ta riƙe ciki. Ta kwance gefen zane ta jefa masa farin goro.

"Tashi ka tafi, ranka ya daɗe! Su aiko kowa ma. Zan gaya musu kai ne wanda ya gina badala, wanda ya haƙa rijiyoyin birni, wanda ya koya mini tafiya. Ka dai roƙe su su riƙa ba ka abincin rana a can."