Hawan dutse neman abin da ke hammatata

Ni dai har gobe ban yarda laifina ba ne. Aplikasiyon, wato manhajar waya, na haɗa wa manoman albasa na Buza, sunka taru gidan shugabansu, Kawu Idi, don su gani. Sunayensu duka na cikin ordinater tawa, wato kwamfuta, a rumbun bayanai, sabar da na girka da hannuna. Na buɗe wayar gwaji, wadda ke fitowa bisa allon ordinater, na ba ta adireshin localhost, mai nufin 'nan gida', don ta jawo sunayen, ina hura hanci.

Allo fari fat.

"Rezo ne, layin waya babu ƙarfi," na ce. "Garin nan ba ya aikin zamani!"

"To mu hau dutse, ɗana," in ji Kawu. "Can muke kiran 'yan Abijan."

Munka hau da rana tsaka, ordinater a hammatata, dattawa na haki, ɗaya riƙe da laima bisa kanta. Rezo ya cika, allo na nan fari. Na zagi kamfanin waya tas, sannan na kira abokin aikina a Yamai.

"Wane rezo?" ya ce. "In ka ce wa wayar gwaji localhost, kanta take dubawa, ba ordinater ba. Sa 10.0.2.2, nan ce ƙofar ordinater."

Na sa. Sunaye sunka zubo.

Kawu ya leƙa. "Wato abin da munka hawo nema, yana hammatarka tun ƙasa?"

Wanda ya ƙera wayar da ba ta san gidansu ba, shi ba a tuhume shi ba. Ni kuwa, ko takalmina nake lalube ƙofar masallaci, sai wani ya ce, "Injiniya, a ɗauko laima?"