Baba Datti a Taron Tsawon Rai

Jama'a, ranar Talatar nan abu ɗaya tak ya fitar da ni daga gida: in kai Baba Datti, ƙanin mahaifina, a gwada masa jini. Kwana uku yana fama da jiri, har ya kusa kifawa cikin kanal yana ban ruwan albasa. Na goya shi a babur muka nufi ɗan asibitin da ke kusa da mu.

Tun daga nesa muka hango rumfuna da motoci masu baƙin gilashi. Asibitin da ya manta kamannin tsintsiya, yau ga shi da sabon fenti, bangon gaba kawai. Na ce lallai ruwa ba ya tsami banza. Malama Latifa, ma'aikaciyar jinyar da ke riƙe da wurin ita kaɗai, ta tare mu a ƙofa.

"Malam Mukhtari, yau ba aiki. Mai Girma zai ƙaddamar da Shirin Tsawon Rai."

"To a gwada shi mana kafin ya iso."

"Da me? Na'urar ta lalace tun azumi. Takarda huɗu na rubuta."

Muna shirin juyawa sai wani mai shadda ya hango farin gemun Baba. Abin nema ya samu! Ya ce, "Ku kawo tsohon nan gaba!" Kafin in buɗe baki an zaunar da Baba a sahun farko, an kifa masa sabuwar hula. Ni kuwa aka nuna min rana.

Awa uku muna gasuwa kafin Mai Girma Uban Alkawura, Mai Almakashin Buɗe Aiki, ya sauko daga mota. Aka fara da wani likita da aka ɗauko daga birni, kuma tsakani da Allah mutumin ya san karatunsa. Ya ce a cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wasu zaruruwa, bakin kowanne da wani abu wai shi telomiya, kamar ƙullin da ake yi wa bakin igiya kada ta warware. Duk sanda ƙwaya ta rabu biyu sai ƙullin ya ɗan ragu. In ya ragu da yawa sai ta daina sabuntawa, kuma wannan na cikin abin da ke kawo tsufa. Ya ce masana na ta bincike, ba a samo magani ba tukuna, amma a riƙa motsa jiki, a sami isasshen barci, a guji damuwa.

Maƙwabcina Ɗanbaba, da ke tsaye kusa da ni, ya zungure ni. "Ka ji? Ashe turin babur ɗin da muke yi zuwa gidan mai, shi ma magani ne."

Na ce, "Ai gata ake mana ba mu sani ba."

"To ita damuwar, a ina ake ajiye ta? Jiya kwandon tumatirina bai kai kuɗin motar da ta ɗauke shi ba."

Sai ga Mai Girma ya miƙe. Ya shaida mana cewa saboda ƙaunar da yake mana, da kansa ya tafi ƙasar waje da tawagar mutum ashirin, aka auna tasa telomiyar, don ya san yadda abin yake kafin a kawo mana. Allahu Akbar! Wace sadaukarwa ta wuce wannan? Kuma fa laifinmu ne. Shekara da shekaru muna durƙusawa muna cewa "ranka ya daɗe", ga shi sun ɗauki maganar da gaske.

Daga nan mai shadda ya kai wa Baba abin magana. "Baba, faɗa wa Mai Girma sirrin tsawon ranka."

Baba ya gyara zama. Bai iya gaggawa ba.

"Ranka ya daɗe, ba wani sirri. Gonata tana can ƙarshen kanal, inda ciyawar kacala ta toshe ruwa. Tun ina da haƙora talatin da biyu aka zo aka ce za a yashe. Na roƙi Allah Ya bar ni in ga ranar. Yanzu saura haƙora shida, ina nan ina jira. In kuna so in kai ɗari, kada ku taɓa kanal ɗin nan."

Masu shadda suka zuba wa Mai Girma ido. Can Mai Girma ya ƙyalƙyale da dariya, ya tafa, sai duk masu shadda suka tuna su ma suna da hannu. Nan take ya ba da umarni a kafa kwamiti.

Baba bai saki abin maganar ba. "Ni fa jini na zo a gwada min."

Likitan nan, Allah Ya yi masa albarka, kunya ta kama shi. Ya ciro na'urarsa daga jaka ya ɗaura wa Baba a hannu. Da ya ga lambar sai fara'arsa ta ɗauke. Ya ja ni gefe ya ce jinin ya hau sosai, kada a kwana ba a fara magani ba. Malama Latifa ta buɗe kabad ɗin magani, ba komai sai auduga. Sai a wani kemis cikin garin Kura muka samu, lokacin an fara kiran la'asar. Alhamdulillahi, jirin ya sauka.

Jiya Juma'a muna dawowa daga masallaci sai ga wani ƙaton allo a bakin titi. Hoton Baba ne, yana murmushi da hularsa. Ya ce in karanta masa. Na karanta: "Ɗan shekara ɗari da biyar, wanda ya fara cin gajiyar Shirin Tsawon Rai."

Baba dai tamanin da takwas gare shi. Ya daɗe yana kallon kansa, sannan ya ce, "Shekara goma sha bakwai cikin kwana uku. Mukhtari, ka daina zagin mutanen nan a jarida, suna aiki."

To, na daina, Baba. Ni dai roƙona, in an zo rabon shekarun a tsallake ni. Wadda nake ciki ma da ƙyar nake ciyar da ita.