Rasuwar Lorna, Bindigar da Ta Faɗa Tafki da Gaske

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, ni Wendell Prather, a madadin iyalina da ke nan arewacin jihar Idaho ta Amurka, nake sanar da 'yan'uwa da abokan harbi rasuwar doguwar bindigata mai rabuwa biyu, wadda muke kira Lorna. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Asabar da hantsi, a tafkin bayan gari, ba tare da wata doguwar jinya ba.

Marigayiya ba haka kawai ta shigo gidanmu ba. Hunturu guda na kwashe ina bincike, don ƙaramar bindigar da nake ratayawa a ƙugu ta daɗe tana zaman kaɗaici, ina nema mata ƙanwa ta gari. Sharuɗɗana ba su da yawa: su ci harsashi iri ɗaya, gidan harsashin wannan ya shiga cikin waccan ba gardama, sannan ta rabu biyu ta kwanta a jakar goyo kusa da burodi. Na ɗaga wannan na ajiye, na leƙa bututun waccan na girgiza kai, har Orval mai shagon bindigogi ya gaji da ni ya ce, "Mutumina, ko Darlene ba ka yi wa wannan binciken ba kafin ka aure ta." Gaskiya ya faɗa, amma ba a gaban mutane ya kamata ba.

Lorna mai haƙuri ce, mai rufin asiri. Na saye ta ne domin ranar da duniya za ta rikice, kuma ta jira ranar nan ba ta taɓa ƙorafi ba. Iyakar abin da ta kashe a rayuwarta gwangwanaye ne da kabewa ɗaya, ita ma kabewar da ma ta fara ruɓewa. In an haɗa bututunta da gindinta aka murɗa, sai ta ce ƙaras, a hankali, kamar mai gyaran murya a coci. Har yau ina jin wannan ƙaras ɗin a kunnena.

Ranar da abin ya faru ni kaɗai ne a kwale-kwale. Kifi ya ƙi zuwa, na ce bari in gwada saurin haɗa ta, don wanda ya shirya wa ƙarshen duniya ba ya zaman banza. Na zura bututu ke nan, ban kai ga murɗawa ba, sai kifi ya ja igiya. Na miƙe. Bututun ya sulale ta gefe ya ce culum, kuma wannan ce kalmarta ta ƙarshe. Kifin ma ya tsere.

Ta rasu ta bar gindinta, wanda ke kwance a kan teburin gareji, da yayarta ta ƙugu, da gidajen harsashi masu yawa, da jakar goyo wadda yanzu burodi kaɗai ke cikinta, da ni.

A nan ne iyali ke son a saurare su da kyau. Kowa ya san al'adar garin nan. Duk wanda aka tambaya bindigoginsa nawa, amsar ɗaya ce: "Ai duk sun faɗa tafki, kwale-kwale ya kife da ni." Haka muke faɗa don gudun ranar da gwamnati za ta zo ƙirga. In da gaskiya ne, da tafkin nan ya cika da ƙarfe har a taka a ƙetare. To ni tawa ta faɗa da gaske, kuma babu mai yarda.

Na je wa Merle, ƙanin matata, da idanu jawur. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah sarki, suruki. Nawa ma duk can suke." Ya ƙifta mini ido. Na nuna masa gindin da ya rage, sai ya riƙe ciki yana dariya, ya ce, "Kai ka fi mu iyawa, har da barin rabi don shaida." Fasto ya saurare ni har ƙarshe ya ce, "Ɗan'uwa Wendell, Ubangiji ya san inda take." Shi ma ya ƙifta ido. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai.

Babbar jarrabawar tana cikin gida. Darlene tana da doka tun tuni: sabuwar bindiga ba ta shiga gidan nan sai wata ta fita. Na zauna na yi mata bayani cewa wata ta fita, fita ta har abada, kuma 'yar ƙugu ba za ta iya zaman maraici ba. Ko ɗagowa ba ta yi daga kwanon da take wankewa ba. Ta ce, "Wendell, mazan garin nan kaf kwale-kwale ya kife da su, amma ban taɓa ganin wanda ya dawo gida da jiƙaƙƙen wando ba. Je ka ɗauko ta inda ka ɓoye."

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da safe, a bakin tafkin, wajen da ake tura kwale-kwale. Ba za a yi wa marigayiya wanka ba, ta samu isasshe. Za a raba kofi da gasasshen naman barewa. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su riƙe idanunsu a buɗe duka biyun, ko na minti ɗaya ne.

Duk wanda ya iya nutso, don Allah ya taho da gajeren wandonsa. Ba don a ceto Lorna ba, tsatsa ta riga ta yi aikinta. Darlene ce ta ce sai ta ga gawa.