Gwadabe da Zauren Faransa

Wani magini ne a garinmu, Gwadabe, bakinsa ya fi hannunsa aiki. Ya tafi ci-rani shekara uku, ya dawo yana cewa daga Faransa yake, wai shi Turawa suka ɗauka ya gyara musu tsofaffin majami'unsu masu shekara ɗari takwas.

Ana nan sai sarkin magina ya rasu. Dagaci ya ce duk wanda ya gina masa zaure na gani na faɗa, rawanin nasa ne. Gwadabe ya zaro hoto a waya, ya miƙa.

"Ranka ya daɗe, dubi nan. Bango siriri har sama. Bakan rufi mai tsini, ba irin namu mai kama da ƙwarya ba. Tagogi kuwa, raƙumi ya wuce bai sunkuya ba."

Baba Jatau, tsohon maginin da kowa ya ɗauka shi zai gada, ya leƙa hoton. Ya nuna wasu ginshiƙai da suka jingina da bangon ta waje.

"Yaro, waɗannan fa?"

"Tokare ne na lokacin aiki, Baba. Lalacin Turawa ne, har yau ba su cire ba."

"Anya? Bakan rufi tura bango yake yi waje. Ina jin su ke riƙe da ginin."

"Baba, ka taɓa hawa jirgi?"

Tsoho ya koma gefe. Wallahi ni kaina na ji masa haushi.

Aka yi gini. Bango ya tashi zaƙaƙam, tagogi wage-wage, an tokare shi da azara ta kowane gefe. Ranar buɗewa gari ya cika, ga rawani a faifai. Gwadabe ya sha babbar riga, ya ce yau zai gwada wa duniya abin da ya gagari Bature. Ya bi azarun nan yana shure su, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya shige tsakiyar zaure, ya buɗe hannuwa.

"Kun gani? Ko gezau!"

Sai aka ji ƙas. Aka ji ƙaƙas. Jama'a suka watse, dagaci har da yar da takalmi.

Rugum!

Da ƙura ta lafa, kan Gwadabe kaɗai ake gani a cikin ƙasa, yana tofar da laka.

Dagaci ya matso da ƙafa ɗaya ba takalmi. "Gwadabe, a Faransan ma haka ake rufe aiki?"

"Ranka ya daɗe, a tono ni tukuna."

"Amsa mini."

"Ni fa a Kwatano na tsaya. Ginin a kalandar wani mai aski na ɗauke shi hoto."

Dagaci ya juya. "Jatau, zo a naɗa ka. Shi kuma ku bar shi nan sai an gama, ya samu wurin kallo mai kyau."