Nomau da Ƙaramar Kyamara

A Garin Magaji akwai gidan Inna Tabawa mai kaɗin auduga da 'ya'yanta biyu. Babban, Hashimu, mai ɗaukar hoto ne. Ƙaramin, Nomau, ya ba talatin baya, zuciyarsa fara tas, sai dai duk abin da aka gaya masa haka zai yi, ba ragi ba ƙari. Shekara ashirin Hashimu yana ɗaukar mutanen gari, amma ba shi da hoton uwarsa ko ɗaya. Da ta hango ƙatuwar kyamararsa sai ta ja mayafi. Ga tsufa ya kama ta, abin yana cin ransa.

Wata rana Hashimu ya dawo daga Kano da sabuwar kyamara, 'yar mitsitsiya, tana shiga aljihu, ba ta ƙara in an danna, hotonta kuwa ya fi na babbar fitowa. Ya rataya wa Nomau. "Kada ka cire ta daga wuyanka, kada kuma ruwa ya taɓa ta." Kwana huɗu bawan Allah bai yi wanka ba. Ran na biyar Inna ta toshe hanci, ta kora shi bayan gida da muciya.

Wata rana aka kira su ɗaukar hoto gidan suna. Hashimu ya jera dangi, ya ce wa Nomau, "Kada ka danna sai kowa ya yi murmushi," ya tafi gaida maigida. Ya dawo ya tarar da mutane cikin rana, haƙora a waje, gumi na zuba.

"Me kake jira?"

"Jaririn, Yaya. Shi kaɗai ya ƙi."

Wata rana Hashimu ya kasa haƙuri, ya durƙusa gaban Inna ya roƙe ta hoto ɗaya tak. Ta ce, "Na gaya muku, kada wanda ya ɗauki fuskata." Ya tashi, ya bar wa Nomau ƙaramar kyamarar, ya tafi aikin biki da babbar. Da ya dawo ya kunna ƙaramar, ya tarar ta cika maƙil.

"Kai! Me ka ɗura mata?"

"Inna."

"Ba ka ji ta hana ba?"

"Fuska ta hana, Yaya. Ban ɗauki fuska ba."

Hashimu ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonsa ya sauka kan gilashin kyamarar. Hannuwa ne, ɗaruruwa. Ga su suna murza mazari, ga su cikin ƙwaryar fura, ga su kan carbi, ga tabon wutar da ta ƙone ta tun yana goye. Bai taɓa ɗaukar hoto mai kyan waɗannan ba, kuma ya sani. Ya zauna dirshan a ƙasa, hawaye ya zubo masa.

Inna ta leƙo. "Lafiya, ƙato da kuka?"

Ya miƙa mata yana tsoron abin da za ta ce. Ta kai gilashin kusa da ido, ta ƙare wa hoton kallo.

"Ikon Allah. Hannun innata ne sak," ta ce a hankali. "Hashimu, wanke min wannan, babba."

Nomau ya miƙe zai ɗebo ruwa. Su biyu suka riƙe masa riga.